Kakar Tseren Babura ta 1961: Yadda Asirin Zschopau Ya Ƙetare Katanga

Gabatarwa

Kundin tarihin wasanni ya saba da riƙe sunan wanda ya zo na ɗaya, sauran kuwa ya bar su a baya. Duk wanda ya buɗe kundin gasar tseren babura ta duniya, ya duba shekara ta 1961, zai iske sunayen mutum uku a sama. Gary Hocking, ɗan ƙasar Rodeshiya ta Kudu, wadda ake kira Zimbabuwe a yau, shi ya ɗauki kambin manyan azuzuwa biyu, na 350 da na 500. Mike Hailwood na Ingila ya ɗauki na ajin 250, Tom Phillis na Ostareliya kuma ya ɗauki na ajin 125. Zai kuma ga cewa a wannan shekara ce kamfanin Honda na ƙasar Japon ya fara cin kambin duniya. Sai dai mutumin da ya fi kowa sauya alƙiblar wannan wasa a shekarar ba ya cikin ukun nan. Na biyu ya zo a mafi ƙanƙantar aji, da tazarar maki 2 kacal, kuma bai ko hau babur ba a ranar da aka yi karawar ƙarshe. Sunansa Ernst Degner, mutumin Jamus ta Gabas, wanda ya gudu daga ƙasarsa ana saura zango guda a rufe gasa, ɗauke da ilimin da maigidansa ya shafe shekara 8 yana tonowa.

Labarin nasa ya taɓo wata tambaya da ta girmi babur nesa ba kusa ba: idan gidan da ba shi da hali ya ƙago abu mai daraja, amma ya kasa riƙe mutanen da suka san sirrinsa, wa zai ci amfaninsa?

Fagen gasa kafin 1961

Hukumar wasan babura ta duniya, wadda aka sani da FIM, ita ta kafa wannan gasa a 1949, saboda haka kakar 1961 ita ce ta 13. Ana kasa babura azuzuwa gwargwadon girman cikin injinsu, daga 125 zuwa 500. A kowane zango wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 8, na biyu 6, na uku 4, na huɗu 3, na biyar 2, na shida 1. A ƙarshen kaka ba a tara dukkan makin mahayi, ana zaɓen sakamakonsa mafi kyau ne kawai, a zubar da saura. Yawancin wuraren tseren na lokacin hanyoyin mota ne na yau da kullum da ake rufewa ranar gasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne na tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, inda kewaye guda ya haura kilomita 60, ana ratsa ƙauyuka da kan dutse, ga katangun duwatsu da turakun fitila a bakin hanya.

Cikin shekarun 1950 Turawan yamma ne ke riƙe da fagen: Norton ta Ingila, NSU ta Jamus ta Yamma, sai kamfanonin Italiya huɗu, watau Gilera, Moto Guzzi, Mondial da MV Agusta. Da ƙananan motoci masu araha suka yawaita a Turai, sai kasuwar babur ta faɗi, kuɗin tsere ya gagari masu shi. A ƙarshen 1957 Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka janye baki ɗaya. MV Agusta ta rage ita kaɗai, ta kwashe kambin azuzuwa huɗun nan shekara uku a jere, 1958, 1959 da 1960. Daga nan zakarunta biyu suka tafi: John Surtees ya koma tseren mota, Carlo Ubbiali ya yi ritaya. Da shigowar 1961 kamfanin ya rage hannu, ya bar ƙananan azuzuwa ba sarki.

Masu neman gadon sarautar biyu ne, kuma sun sha bamban ta kowace fuska. Na farko shi ne Honda. Mai kamfanin, Soichiro Honda, ya ziyarci tsibirin Man a 1954, ya ga yadda baburan Turai suka yi wa nasa nisa, ya koma gida ya duƙufa. A 1959 ya turo tawagarsa ta farko, kuma tun a wannan shekarar kamfaninsa ya zama mafi yawan ƙera babura a duniya. Yana da kuɗi, yana da injiniyoyi da yawa, yana iya ɗaukar gwanayen mahaya daga ko'ina. Na biyu kuwa wani ɗan sashen tsere ne na masana'antar gwamnati a Jamus ta Gabas, mai suna MZ, a garin Zschopau.

Zschopau da injin da aka raina

Zschopau ƙaramin gari ne a yankin duwatsun Saxe, amma tsohon gida ne a sana'ar babur. Nan ne cibiyar kamfanin DKW, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ya fi kowane kamfani a duniya yawan ƙera babura. Gab da yaƙin duniya na biyu DKW ya fito da wani ɗan babur mai suna RT 125. Da Jamus ta sha kashi a 1945, waɗanda suka ci yaƙi suka ɗauki zanen wannan babur a matsayin diyya: Ingilawa suka ƙera shi da sunan BSA Bantam, Amurkawa suka ƙera shi a kamfanin Harley-Davidson, Rashawa suka ƙera nasu. Hatta baburin farko na kamfanin Yamaha, YA-1 na 1955, daga gare shi aka kwaikwayo. Rashawa kuma suka kwance injunan masana'antar suka yi gida da su, shugabannin kamfanin suka koma yamma. Ke nan tun kafin labarin Degner an taɓa kwashe wa Zschopau basirarta sau ɗaya. Kan wannan kufai aka sake tada masana'antar da aka raɗa wa suna MZ a 1956.

Gadon da garin ya riƙe shi ne inji mai bugu biyu. A inji mai bugu huɗu, irin na mota, piston yana hawa da sauka sau huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya: ya sha mai da iska, ya matse su, su kama wuta su tura shi, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Wasu ƴan ƙofofin ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira supap, su ke buɗewa da rufewa, kowane aiki da lokacinsa. Inji mai bugu biyu kuwa, irin na mobilet da ake zuba wa fetur gauraye da man inji, yana gama duk wannan cikin hawa ɗaya da sauka ɗaya. Ba shi da supap, ramuka ne kawai a jikin silinda waɗanda piston ke buɗewa da toshewa yayin da yake wucewa. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma a lissafi ya kamata ya fi ƙarfi, tun da wutarsa na tashi ninki biyu. Amma yana da babban aibi: ramin shigar mai da na fitar hayaƙi suna buɗe a lokaci guda, don haka wani kaso na sabon mai yana bin hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba, wani kaso na hayaƙin kuma ya maƙale a ciki. Shi ya sa manyan injiniyoyin Italiya da Ingila suka ɗauke shi injin talaka, na zuwa kasuwa da dawowa. Hausawa kuwa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Aikin Walter Kaaden

A 1953 aka ɗora wani injiniya mai suna Walter Kaaden a kan sashen tsere na masana'antar. An haife shi a 1919 a wannan yanki, kuma lokacin yaƙi ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Henschel, a fannin makamai masu linzami. Ma'aikatansa ba su da yawa, kuɗin ƙasarsa ba su da daraja a waje, ƙarafa masu inganci da ake samu a yamma sun yi masa wuyar samu. Abin da yake da shi shi ne haƙuri da gwaji.

Dabaru uku ya haɗa. Ba shi ya fara tunanin kowace ɗaya ba, amma shi ya fahimci yadda za su yi aiki tare, ya kuma auna su har suka daidaita. Ta farko wani faifan ƙarfe ne marar kauri, mai giɓi a gefe, wanda ke juyawa tare da inji, yana buɗe hanyar shigar mai yana rufe ta a daidai lokacin da ake so. Wani makaniki mai suna Daniel Zimmermann ne ya riga shi gwada wannan faifai a Jamus ta Gabas. Ta biyu ƙarin rami ne a jikin silinda, wanda ke taimaka wa sabon mai ya share ragowar hayaƙi. Ta uku, wadda ta fi su duka, ita ce siffar bututun hayaƙi.

Kaaden ya lura cewa duk sa'ad da ramin hayaƙi ya buɗe, wani bugun iska mai ƙarfi yana shiga bututu da saurin sauti, kuma wannan bugu yana iya dawowa kamar amsa-kuwwa. Sai ya ƙera bututu mai siririn wuya, mai faɗaɗa zuwa tumbi, sa'an nan ya sake tsukewa a wutsiya. Inda bututun ke faɗaɗa, bugun yana haifar da zuƙa wadda ke janyo hayaƙi waje, ta kuma janyo sabon mai cikin silinda har ya yi ambaliya zuwa bakin bututu. Inda yake tsukewa kuma, bugun yana cin karo da bango ya komo baya, ya tura man da ya fita ya mayar da shi ciki, daidai lokacin da piston ke shirin toshe ramin. Ta haka ɓarnar da ta zame wa injin aibi ta koma riba. Kamar yadda tsawon kakaki da faɗin bakinsa ke ba shi muryarsa, haka tsawon wannan bututu da kusurwar tumbinsa ke tsai da saurin juyin da inji zai fi ƙarfi. Kuskuren ƴan santimita yana iya ɓata komai, kuma ba a rubuta ma'aunin a wani littafi ba. Sai an yanka ƙarfe, an liƙa, an gwada, an zubar, an sake.

A 1961 injin MZ mai silinda ɗaya na ajin 125 ya kai ƙarfin doki 25, watau doki 200 ga kowace lita. Illarsa ita ce zafi: piston kan kumbura ya cije cikin silinda ana tsakar gudu, ƙafar baya ta tsaya cik. Mahayin MZ kullum yatsunsa na kan kuloci, yana sauraren muryar inji.

Babu wanda ya san wannan murya kamar Ernst Degner. An haife shi a 1931 a Gleiwitz, garin da ya koma cikin ƙasar Polan bayan yaƙi. Ya koyi makanikanci, ya shiga MZ a 1956, ya zama mahayi kuma mataimakin Kaaden a ɗakin gwaji. A 1959 ya ci nasararsa ta farko a gasar duniya a Monza ta Italiya. Gwamnati ta ɗauke shi abin alfahari, ta ba shi izinin fita waje, gatan da kaɗan ne ke da shi. Sai dai fitar nan ita ta nuna masa yadda takwarorinsa na yamma ke rayuwa, da irin kuɗin da suke samu a kan nasarar da shi albashin ma'aikaci kawai take kawo masa.

Yadda kakar ta gudana

Zango 11 aka tsara a 1961, kuma biyu daga ciki sababbi ne: na Jamus ta Gabas a Sachsenring, da na Arjantina, wanda shi ne karo na farko da gasar ta fita daga Turai.

An buɗe fage a Baselona ta Espanya cikin watan Afrilu, inda Tom Phillis ya ci ajin 125, ya ba Honda nasararta ta farko a tarihin gasar. A watan Mayu a Hockenheim, Degner ya rama a ajin 125, yayin da Kunimitsu Takahashi ya ci ajin 250, ya zama mutumin Japon na farko da ya taɓa cin wani zango. Phillis ya sake yin nasara a Clermont-Ferrand ta Faransa. A tsibirin Man cikin watan Yuni baburan Honda suka kwashe matsayi biyar na farko a ajin 125, suka maimaita haka a ajin 250. Mike Hailwood, yana ɗan shekara 21, ya ci tsere uku cikin mako guda, biyu a kan Honda, na 500 kuma a kan Norton, abin da ba wanda ya riga shi yi.

A manyan azuzuwa Hocking da MV Agusta ba su sami mai ja da su sosai ba. A ajin 250 kuma gardamar ta cikin gida ce tsakanin mahayan Honda, Hailwood da Phillis da Jim Redman, har Hailwood ya rinjaya. Ajin 125 ne kaɗai aka yi kokawar gaske tsakanin hanyoyi biyu na ƙera inji: Honda mai bugu huɗu da silinda biyu, da tarin mahaya masu taimakon juna, da kuma MZ mai bugu biyu, wadda kusan duk begenta na kan mutum guda. Phillis ya ci a Assen ta Holan, Luigi Taveri na Suwis ya ci wa Honda a Beljik, Degner ya ci a gida a Sachsenring a ƙarshen Yuli, gaban ɗimbin ƴan ƙasarsa. Takahashi ya ci a Ulster ranar 12 ga Agusta, Degner ya sake ci a Monza a farkon Satumba. Yawan mahayan Honda ya zame musu cikas, domin suna raba nasara a tsakaninsu, shi kuwa Degner inda bai zo na ɗaya ba sau da yawa yakan zo na biyu. Da aka doshi Suwed, shi ke kan gaba, kuma nasara a can za ta ba Jamus ta Gabas kambin duniya.

Katanga da gudun hijira

Akwai wani kamfanin Japon na biyu a fagen, wanda ba a cika kula da shi ba. Suzuki asalinsa maƙerin injunan saƙa ne a garin Hamamatsu. Ya fara zuwa tsibirin Man a 1960 da inji mai bugu biyu, kuma a 1961 baburansa sun yi ta lalacewa, ba su tsinana komai ba. Mutanensa sun ga abin da MZ ke yi, sun san akwai asiri, amma ba su gano bakin zaren ba. A makon tseren tsibirin Man wakilinsu ya kusanci Degner, aka ci gaba da magana a ɓoye har aka ƙulla yarjejeniya: zai bar ƙasarsa, ya je Hamamatsu, ya gina musu inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ta riga ta samu a zuciyar Degner.

Matsalar ita ce iyali. Hukuma ba ta barin mahayi ya fita waje tare da matarsa da ƴaƴansa, su ne jinginar da ke tabbatar da zai dawo. Har zuwa tsakiyar 1961 akwai ƙofa guda da ta rage a buɗe, watau birnin Barlin, inda mutum ke iya shiga jirgin ƙasa daga gabashin gari ya sauka a yammacinsa. Ta wannan ƙofa da makamantanta mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka bar Jamus ta Gabas tsakanin 1949 da 1961, da yawansu matasa, likitoci, malamai da injiniyoyi. Don tsai da wannan zubar jini ne gwamnati ta rufe iyakar ranar 13 ga Agusta 1961, kwana ɗaya bayan tseren Ulster, ta fara gina katangar Barlin.

Dole aka sake shiri. Wani abokin Degner daga Jamus ta Yamma, wanda ke da hujjar shiga gabas saboda kasuwar baje koli ta Leipzig, ya ɓoye matar da yaran biyu a akwatin bayan wata babbar motar Amurka, bayan an ba yaran maganin barci, ya ƙetare iyaka da su ƴan kwanaki kafin tseren Suwed. Ranar 17 ga Satumba, a Kristianstad, Degner ya hau layi. Tun farkon tseren injinsa ya fashe, Taveri ya ci. A daren ya sulale daga masaukin tawagar, ya tuƙa motarsa zuwa Danmark, ya shiga jirgin ruwa a Gedser, ya sauka a Jamus ta Yamma, ya tarar da iyalinsa.

Hukuncin Buenos Aires da na Jeneba

Duk da faɗuwar Suwed, Degner na kan gaba da maki, kuma saura zango ɗaya. Hukumar wasan babura ta Jamus ta Gabas ta soke takardarsa ta izinin tsere, ta kai ƙara gaban FIM cewa da gangan ya fasa injin. Shi kuma ya nemi takardar Jamus ta Yamma, ya shirya da wani injiniya mazaunin Ingila, Joe Ehrlich, mai ƙera baburan EMC masu bugu biyu, don ya hau ɗaya a Arjantina. Baburin bai isa Buenos Aires a kan lokaci ba. Ranar 15 ga Oktoba Phillis ya ci tseren, ya kammala da maki 44, Degner na da 42. Honda ta haɗa kambi biyu, MZ ta tashi hannu banza. A ƙarshen Nuwamba kotun FIM da ta zauna a Jeneba ta yi watsi da ƙarar fasa injin, amma alƙalami ya riga ya bushe.

A wannan watan Degner ya sauka a Hamamatsu. Mutanen gabas sun zarge shi da tafiya da zane-zane da wasu sassan inji. Amma kayan da ya fi kowane nauyi a kansa yake: ma'aunin bututu, lokacin buɗewar faifai, irin ƙarfen da ke jure zafi, da kuma sanin hanyoyin da aka riga aka bi ba su ɓulle ba, wanda shi ke rage wa mai bincike shekaru.

Abin da ya biyo baya

Sakamakon bai jima ba. A 1962 FIM ta ƙara sabon aji na 50, kuma Degner ya ci tseren tsibirin Man a kan Suzuki, ya zarce ya zama zakaran duniya na farko a ajin, kambin farko na kamfanin. A 1963 Hugh Anderson na Niyuzilan ya ci wa Suzuki kambin 50 da na 125. Yamaha ta bi wannan tafarki na faifai da bututu, Phil Read ya ci mata ajin 250 a 1964 da 1965. A 1975 Giacomo Agostini ya ci babban aji na 500 a kan Yamaha mai bugu biyu, karo na farko da irin wannan inji ya hau wannan matsayi, Barry Sheene kuma ya biyo baya a kan Suzuki a 1976 da 1977. Honda kanta, wadda mai ita ya tsani wannan inji, daga baya ta sallama, ta ci kambin 500 na 1983 da shi a hannun Freddie Spencer. Injin da aka raina ya mulki babban aji har 2001, kuma bai bar gasar gaba ɗaya ba sai bayan kakar 2011, lokacin da aka rufe ajin 125. Doka ce ta fitar da shi, saboda hayaƙinsa da kuma bukatar kamfanoni su yi tsere da irin injin da suke sayarwa.

MZ kuwa ba ta taɓa cin kambin duniya na tseren kan kwalta ba. Bayan gina katanga ƙasashen ƙawancen yamma sun tsananta ba ƴan wasan Jamus ta Gabas takardun shiga, ga rashin kuɗin biyan gwanayen waje. Ta ci wasu zanguna nan da can, Hailwood da kansa ya ci mata ajin 250 a Sachsenring a 1963, amma damar 1961 ba ta sake dawowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kaaden ya zauna a yankinsa, ya ga faɗuwar katanga a 1989, ya rasu a 1996.

Su ma zakarun ba su daɗe suna cin moriya ba. Tom Phillis ya mutu a tseren tsibirin Man a watan Yuni na 1962. Mutuwarsa ta girgiza abokinsa Hocking har ya bar babur ya koma mota, yana ganin ta fi aminci, sai ga shi ya mutu a cikinta a watan Disamba na wannan shekarar, kusa da Durban ta Afirka ta Kudu, yana ɗan shekara 25. Degner ya faɗi a filin Suzuka na Japon a 1963, tankin mai ya kama wuta, ya ƙone ƙwarai a fuska, aka yi ta yi masa aiki. Ya koma tsere, ya ƙara cin wasu zanguna, ya yi ritaya a 1966, ya rasu a tsibirin Tenerife a 1983 yana da shekara 51. Har yanzu akwai wata kwana a filin Suzuka da ke ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Mutanen Zschopau sun daɗe suna kallon Degner a matsayin maci amana, kuma suna da hujja. Kaaden ya ɗauke shi, ya buɗe masa abin da ya ɓoye wa kowa, shi kuwa ya tafi a daidai ranar da wahalar shekara 8 za ta biya, ya bar abokan aikinsa da zargi da takunkumi. Waɗanda ke kare shi su ma suna da tasu: mutum ne da aka riƙe wa mata da ƴaƴa a matsayin jingina, a ƙasar da ta gina katanga don hana ƴaƴanta fita, kuma ilimin da ya tafi da shi har da guminsa a ciki.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kansa shi ne yadda al'amarin ya ƙare. Jamus ta Gabas ta iya samar da Kaaden, ta iya horar da Degner, ta kai ga abin da masu kuɗin Italiya da Japon ba su kai ba. Abin da ta kasa shi ne ba su ladan da ya dace, da kayan aiki, da sakewar da za ta sa zama ya fi tafiya daɗi. Da ta ga mutane na zurarewa sai ta ɗauko bulo da waya mai ƙaya, amma wata guda da ƴan kwanaki bayan an fara ginin, asiri mafi daraja na masana'antar baburanta ya fice ta jirgin ruwan Danmark. Sau biyu cikin shekara 16 aka ci gajiyar basirar Zschopau a wasu ƙasashe, na farko da ƙarfin yaƙi, na biyu da takardar kwangila. Malamin da ya taɓa horar da ɗalibi mai hazaƙa, ya ga ya kammala ya nufi inda za a biya shi, ya san irin ciwon da Walter Kaaden ya kwana da shi a Kristianstad ranar 17 ga Satumba 1961.